Mota Haɗin Gida Da Ƙwaƙwalwar Injinta

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta Goronyo zuwa Sabon Birni, ta zarce Isa da Shinkafi har Ƙauran Namoda, ya san mota a ƙasar Gobir ba kayan ado ba ce. Ita ke kai albasa da gero da wake kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita kuma ke kai malamin makaranta wurin aikinsa. Da yawa daga cikin motocin nan kuwa ba yadda suka fito daga masana'anta su ke ba. Sai ka ga bodin na wata mota ne, injin na wata, giya kuma ta wata dabam, makaniki da mai walda ne suka ɗaura musu aure. To, a kan irin waɗannan motoci na ke so in yi magana yau, musamman a kan wani ɗan akwati da ke tare da injunan zamani, wanda makanikai suka raɗa wa suna ƙwaƙwalwar mota.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanan baya na tsaya a wani gareji a Isa, na tarar wani saurayi ya haɗa wata 'yar a-kori-kura da hannunsa. Ƙashin motar na wata tsohuwa ne da ta daɗe a yashe, bodin shi ya yanka ƙarfe ya yi waldarsa, injin kuwa na Golf ne ɗan Kwatano. Aiki ya yi kyau, ba abin kushewa. Amma mako uku ke nan ana murza makulli, inji ya kama, kafin a ƙirga biyu ya mutu. An sake fulogi, an sake famfon mai, an ari batir har uku. Na ce masa, "Samari, me ke damunta?" Ya ce, "Ranka shi daɗe, injin ga lahiyatai lau, shi dai ya ƙi tsayawa." Maigidansa kuwa, dattijo ne wanda ya ƙware tun zamanin Fijo 404, ya ce shi a ganinsa a tsige wayoyin nan duka a zubar, a ɗaura kafireto, kowa ya huta. Yaron bai yarda ba, bai kuwa iya yi wa maigidansa musu ba. Za mu komo kansu nan gaba.

HAƊA MOTA BA BAƘON ABU BA NE

Tun zamanin En'e mutanenmu ke haɗa mota. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, raƙuma da jakuna, daga baya kuma manyan motoci, su ke kwaso gyaɗa da auduga zuwa tasha. Kamfanoni su kan kawo Bedford da Austin daga Ingila, inji da ƙafafu da mazaunin direba kaɗai, sa'an nan kafintocin ƙasar nan su yi musu bodin katako.

Turawa ma suna da irin tasu. A 1957 wani injiniya Bature, Colin Chapman, ya fito da wata 'yar ƙaramar mota mai suna Lotus Seven, yana sayar da ita gunduwa-gunduwa, mai saye ya kai gida ya ɗaura da kansa. Dalili kuwa shi ne Gwamnatin Ingila tana karɓar haraji mai nauyi a kan mota ƙerarriya, amma ba ta karɓa a kan kayan haɗi. Har ana ba da labari cewa da doka ta hana a ba mai saye takardar yadda a ke ɗaurawa, sai kamfanin ya buga takardar yadda a ke kwancewa, mutum ya karanta daga ƙarshe ya yo farko. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi ikon yin motar, yana kuwa yinta har yau. A 1996 kuma wani mai suna Ron Champion ya wallafa littafi yana koya wa mutane yadda za su yi irin wannan mota da fam 250, da bututun ƙarfe da walda da injin tsohuwar Ford.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A 2007 jaridun duniya sun ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda Civic. A 2022 sun ba da labarin Mustapha Gajibo na Maiduguri, mai cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana mai da su masu aiki da lantarki. Ga kuma Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato, ya yi karatu a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato da ta fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi Amurka, ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. Ashe basira ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da ya sake shi ne injin kansa, in kuwa kiɗa ya sake, tilas rawa ta sake.

ABIN DA INJI KE BUKATA

Injin fetur abu uku ya ke bukata: iska, da mai, da wuta. Amma ba samunsu kaɗai ba, sai kowane ya zo daidai gwargwado, a kuma daidai lokacinsa. Masana sun auna sun ga fetur ya kan ƙone sarai in an gama giram 1 nasa da giram 14.7 na iska. Watau kowace lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska kimanin lita 9,000. In mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, kuɗi su bi iska. In ya yi kaɗan, inji ya yi zafi, ƙarfi ya ragu, har kan fistin ya iya narkewa.

A da kafireto ke wannan awo. Iska tana wucewa ta wani ƙuntataccen maƙogwaro, tana zuƙo mai ta wata 'yar kafa. Dabara ce mai kyau, kuma makaniki na iya kwance ta a kan tabarma ya wanke ya mayar. Aibinta ɗaya, ba ta san sanyi ba, ba ta san zafi ba, ba ta kuma san abin da ke fita ta salansa ba. Da ƙasashen Amurka da Turai suka tsananta dokokin hayaƙi, sai aka nemi awon da ya fi wannan. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya sa wa motar Volkswagen 1600 na'urar lantarki mai fesa mai. A 1976 Volvo ta fara sa ma'aunin da ke sansanar hayaƙi a cikin salansa. A 1979 Bosch ya gama aikin mai da na wuta cikin akwati ɗaya. Tun 1996 kuwa doka a Amurka ta tilasta kowace sabuwar mota ta zo da wani soket mai baki 16, inda makaniki zai soka na'urar bincike, mota ta faɗi ciwonta da kanta. Turai ta bi sahu a 2001. Injunan da ke iso mana yanzu ta Kwatano da Legas kusan duk irin waɗannan ne.

YADDA ƘWAƘWALWAR KE AIKI

Ku akawuna ba za ku sha wuyar gane wannan ba, gama tsarin ofis ne. Ku ɗauki ƙwaƙwalwar kamar hakimi a zaurensa. Ba ya ganin ƙasa duka da idonsa, sai abin da dagatai suka kawo masa. Dagatan nan su ne ma'aunai, waɗanda makanikai ke kira sensa.

Babbansu shi ne mai ƙirga juyin inji. A injuna da yawa na Jamus akwai wani faifai mai gurbin haƙora 60, an cire 2. Kowane haƙori digiri 6 ke nan na juyi, giɓin nan kuwa shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda fistin na ɗaya ya ke. In wannan ya yi shiru, ba mai, ba wuta. Na biyu yana auna yawan iskar da ke shiga. Na uku yana faɗin iyakar inda direba ya taka totur. Na huɗu yana auna zafin ruwan inji, na biyar zafin iska. Na shida yana cikin salansa, yana aiko da wuta 'yar kaɗan, tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ya nuna ko mai ya gaza ko ya yi yawa. Na bakwai kunne ne da aka ɗaure a jikin inji, yana sauraron ƙwanƙwasa.

In rahoto ya iso, sai hakimi ya buɗe littafinsa. Littafin nan jadawali ne irin na "sau" da mu ke koya wa yara. A gefe ɗaya an jera gudun inji, a ɗaya gefen an jera nauyin aikin da ya ke yi, inda suka gamu akwai gida, cikin gidan akwai lamba. In layi 16 ne ta kowane gefe, gidaje 256 ke nan. Akwai jadawalin mai, akwai na wuta. Saita ƙwaƙwalwa, a taƙaice, cika gidajen nan ne da lambobin da suka dace da injin da ke gabanka.

Ga misali wanda malami zai iya rubutawa a allo. A ce inji mai cin iska lita 1.6 ne, silinda 4, kowace tana ɗaukar lita 0.4. Litar iska a irin zafinmu nauyinta wajen giram 1.15, saboda haka silinda in ta cika maƙil giram 0.46 ke nan. Amma ba ta cika maƙil, a ce kashi 80 cikin 100 ta samu, watau giram 0.37. Raba wannan da 14.7, ka sami giram 0.025 na fetur. In injekta tana zubo giram 2.5 a sakan ɗaya, to, za a buɗe ta kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, a rufe. In inji yana juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana cin wuta sau 25 a sakan, su huɗu sau 100. Wannan lissafi ƙwaƙwalwar ke yi sau ɗari a cikin sakan ɗaya. Amma fa lissafin ba ya fin rahoton da aka kawo gaskiya. In dagaci ya yi ƙarya, hakimi zai yanke hukunci bisa ƙarya, da zuciya ɗaya.

HANYOYI UKU GA MAI HAƊA MOTA

Hanya ta farko, kuma mafi sauƙi, ita ce a sayi inji tare da ƙwaƙwalwarsa, da wayoyinsa, da makullinsa, duk daga mota ɗaya. Tun 1998 dokar Turai ta ce kowace sabuwar mota ta zo da maganin ɓarayi. Akwai wani ɗan ƙwayar lantarki a kan makulli, ƙwaƙwalwa ta kan tambaye shi, in bai ba da amsar da ta sani ba sai ta yanke mai. A motocin Volkswagen alamar ita ce inji ya kama, sakan ɗaya ko biyu ya mutu. Mai karatu ya tuna da saurayinmu na Isa.

Hanya ta biyu ita ce ta dattijon nan, a koma kafireto. Mota za ta tashi, wannan gaskiya ne, kuma a ƙauyen da ba na'urar bincike ba za a ce ba shi da hujja ba. Amma ta kan ƙara shan mai, ta rage ƙarfi, kuma injuna da yawa na yanzu ba su da ma gurbin da za a sa mai rarraba wuta irin na da.

Hanya ta uku ita ce a sa ƙwaƙwalwar da mutum zai iya rubuta wa lambobi da kansa. A 2001 waɗansu Amurkawa biyu, Bruce Bowling da Al Grippo, suka fito da MegaSquirt, wadda mutum ke saye gunduwa-gunduwa ya haɗa da dalma. Daga baya wani mutumin Ostareliya, Josh Stewart, ya yi Speeduino a kan ɗan allon Arduino, wanda ɗalibai ke wasa da shi a makarantun fasaha, ya kuma bar zanen da umarnin a fili kyauta ga kowa. Ana haɗa su da kwamfuta, a ga jadawalin a fuskarta, a sake lamba inji yana cikin aiki. Wannan ita ce hanyar masu haɗa mota a Ingila da Amurka in sun ɗaura injin da ba na motar ba.

YADDA A KE SAITAWA

Da fari, a tabbata injin lafiyayye ne. A auna matsin kowace silinda, a duba ba inda iska ke satar shiga, a ga famfon mai yana ba da matsin da ya kamata, wanda ga yawancin injunan nan wajen ba 3 ne. Matsin nan ya ninka na kafireto wajen sau goma, saboda haka tiyon kafireto ba ya ɗaukarsa, in ya fashe kusa da salansa sai gobara. A kuma ɗaure wayoyin da ke komawa jikin ƙarfe tam, a kankare tsatsa. Kwamfuta ba ta warkar da inji marar lafiya.

Na biyu, a gaya wa ƙwaƙwalwar gaskiya: silinda nawa, girmansu nawa, injekta nawa ta ke zubarwa, haƙoran faifai nawa. Sa'an nan a jarraba dagatai tun ba a ta da inji ba. Da sassafe, motar da ta kwana ba ta yi aiki ba, zafin ruwa da zafin iska tilas su zo kusan ɗaya. Ma'aunin ruwa irin na Bosch ya kan nuna wajen om 2,500 a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80, ko ƙaramar mita ta mai gyaran rediyo ta isa ta gwada shi.

Na uku, a daidaita lokacin wuta. A umarci ƙwaƙwalwar ta tsaya a kan digiri 10 kafin fistin ya kai ƙoli, a haska alamar da ke jikin inji da fitilar taimin. In fitila ta nuna 10, an yi daidai. In ta nuna wani abu dabam, a gyara nan take, gama duk lambar da za a rubuta nan gaba a kan wannan tushe za ta zauna.

Na huɗu, a bar inji ya yi ɗumi, a nemi ya tsaya shiru a wajen juyi 800 zuwa 900 a minti. Nan fa sai an sa ma'aunin hayaƙi babba, mai faɗin lamba sosai, ba ƙaramin da ke cewa "ya yi yawa" ko "ya gaza" kaɗai ba.

Na biyar, a fita hanya, mutum biyu, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da kwamfuta. Kada direba ya haɗa biyun. Gyaran kuwa lissafin kaso ne. A ce gida yana da lamba 60, ana neman 14.7, ma'auni ya nuna 13.2. Sai a yi 60 sau 13.2, a raba da 14.7, a sami 54, a rubuta. A tafiyar yau da kullum 14.7 a ke nema, amma in an take totur har ƙasa, ko ana hawan tudu da kaya, sai a ƙara mai ya koma tsakanin 12.5 da 13, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Kullum a fara daga wajen yawan mai a riƙa ragewa. Yawan mai fulogi ya ke ɓatawa, ƙarancinsa kuwa inji ya ke kashewa.

Na shida, jadawalin wuta, shi ne mai hatsari. Fetur ba ya ƙonewa farat ɗaya, saboda haka a kan kunna shi tun fistin bai kai ƙoli ba, yadda ƙarfin turin zai zo jim kaɗan bayan ya juyo. Inji na ƙara gudu, ana ƙara gaggauta wutar, har ta kai digiri 30 ko fiye. In aka zarce, sai sauran man ya fashe da kansa, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Da jin haka a ɗaga ƙafa, a rage digiri 2 ko 3 a gidajen nan. Wanda ya ƙi ji, garin neman gira zai rasa ido.

Daga ƙarshe a gyara tashin sanyi. Wannan sau ɗaya a ke samun gwada shi a yini, gama da inji ya yi ɗumi dama ta wuce sai gobe. Sharaɗin da ya ɗaure duka kuwa shi ne, abu ɗaya a ke sakewa a lokaci ɗaya, a rubuta kwanan wata da abin da aka sake da abin da aka gani, a kuma ajiye kwafin tsohon jadawali. Wanda ya sake abu uku tare, in mota ta gyaru bai san dalili ba, in ta lalace bai san hanyar komawa ba.

ZAFI DA ƘURA DA MAN ƘASARMU

Jadawalin da wani ya yi a Ingila ba zai yi daidai a Sabon Birni ba. Da asubar hunturu sanyi kan sauko wajen digiri 15, da azahar ɗin bazara kuwa zafi kan haura 40 har ya doshi 45. Iska in ta yi zafi ta kan yi sako-sako, tsakanin 15 da 45 nauyinta na raguwa kusan kashi 10 cikin 100. Haka kuma motar da ta tashi daga kwarin Rima, mita 300 bisa teku, ta hau Jos, mita 1,200, za ta tarar iska ta ragu kusan haka. Ƙwaƙwalwa tana gyara wannan da kanta, muddin ma'aunin zafin iska yana wurin da ya dace, ba a jingine da ƙarfe mai zafi ba. Iska mai zafi kuma tana jawo ƙwanƙwasa, saboda haka wanda ya saita wuta da hunturu lalle ya sake saurarawa cikin Afrilu.

Sai ƙura. Hazon hunturu da rairayin hanyoyinmu su kan toshe matatar iska, waɗansu kuwa sai su cire ta su yar. Ƙurar nan ta kan lulluɓe ma'aunin iska ya riƙa faɗin ƙarya, ta kuma cinye zoben fistin kamar sabulu. Da damina kuma ruwa kan cika fadamun Rima da Bunsuru, don haka a ɗaura akwatin a cikin mota, a sama, ba a ƙarƙashin kujera ba.

Sai mai. Injunan Turai galibi an shirya su ne don fetur mai daraja 95, namu kuwa wajen 91 ne, bai kai wancan jimirin matsi ba. Ga kuma na galan da na kwalba a bakin hanya, wanda wani lokaci a kan sami ruwa ko kananzir a ciki. Kowa kuma ya tuna Fabrairun 2022, sa'ad da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, ya lalata motoci, aka yi makonni ana layi. Mai hankali ya kan bar rata a jadawalin wutarsa saboda ranar da zai sha mugun mai.

GYARAN GANGAR ABZINAWA

Akwai waɗansu al'adu a garejinmu da suka dace da injin da, amma suna cutar na yanzu. Babbarsu ita ce cire tamostat, watau ɗan ƙyauren da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 85 zuwa 90, a kuma ɗaure fanka ta yi ta juyi ba tsayawa. Wai don ƙasarmu da zafi. To, sai ma'aunin ruwa ya riƙa cewa har yanzu da sanyi, ƙwaƙwalwa kuwa ta yi ta ƙara mai kamar yadda aka umarce ta. Ta biyu, cire kan batir inji yana aiki don a ga ko caji na zuwa. Wutar kan yi tsalle ta ƙone ƙwaƙwalwar nan take. Haka yin walda a jikin mota ba a cire wayoyinta ba, da wanke inji da ruwa mai ƙarfi. Ta uku, yanke ma'aunin salansa a naɗe wayar. Ta huɗu, cire ƙwan fitilar gargaɗi da ke gaban direba don kada ta dami mai saye, kamar mutum ya kori ɗan aike don ya kawo labari marar daɗi.

Da can ana iya cewa asarar kaɗan ce. Amma ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa ya ba da sanarwar janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Mu yi lissafi. Motar da ya kamata ta yi tafiya a 14.7, in tana yi a 12.5, tana shan rarar kusan kashi 18 cikin 100. In direba yana sayen lita 40 a yini, wajen lita 6 a banza su ke tafiya. A ce lita naira 1,000 ce, naira 6,000 ke nan kullum, a wata mai kwanan aiki 26 naira 156,000. Wannan kuɗi daga aljihun fasinja da manomi su ke fita.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Mutanen Isa da Sabon Birni sun san abin da 'yan bindiga suka mai da hanyoyinsu a shekarun nan, ba su kuwa manta da Disambar 2021 ba, sa'ad da aka ƙone matafiya fiye da 20 cikin motarsu a kan wannan hanya. A inda direba ke ƙirga sa'o'in rana don ya isa gari kafin duhu, motar da ke mutuwa a daji saboda waya ɗaya da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ba ƙaramin abu ba ce. Kada kuma mai haɗa mota ya shagala da ƙarfin inji ya manta da burki da sitiyari. A Ingila ba a ba motar haɗin gida lamba sai jami'an Gwamnati sun bincike ta sarai. Mu ma ya kamata mai irin wannan mota ya kai ta wurin jami'an duba motoci da ƙafarsa, tun ba su tare shi ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ku malamai, duk abin da na zayyana a sama ba abin da ya wuce kaso, da rabawa, da karanta jadawali, da awon zafi. Yaran da ke barin aji suna tafiya gareji su ne za su riƙe motocin ƙasar nan. In yaro ya tambaye ku amfanin lissafi, ku kai shi bakin inji ku nuna masa 14.7. Ya kamata kuma makarantun sana'a, da manya irin su Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, su riƙa shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa domin makanikai da masu wayarin, gama hannunsu ya riga ya ƙware, karatun lambobin kaɗai ya rage.

Ku kuma akawuna, masu riƙe da takardun motocin hukuma da na asibiti, kada ku sa hannu a biya kuɗin inji sai kun ga ya zo da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa da makullinsa. Ku buɗe wa kowace mota littafi, a riƙa rubuta litar da ta sha da kilomitar da ta yi. Ranar da lissafin ya karkace, kun san akwai dagacin da ya fara ƙarya.

Saurayinmu na Isa kuwa, da aka gane inda gizo ke saƙa, sai ya aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, aka samo masa ƙwaƙwalwa da makulli 'yan gida ɗaya. Murzawa ɗaya inji ya kama, ya tsaya. Amma sai ga baƙin hayaƙi. Wannan karon dattijon ne ya ɗora hannu a kan tiyon lagireto, ya ji bai yi zafi yadda ya kamata ba bayan tafiya mai nisa, ya ce, "Kai yaro, an cire wa injin nan tamostat tun a can." Aka sayo aka mayar, hayaƙi ya ɗauke. Yanzu tana jigilar albasa ranar kasuwa. Yaron ya ce in ya tara kuɗi zai sayi na'urar bincike, maigidan kuwa ya ce in ta zo a koya masa shi ma.

Allah ya kiyaye hanya.